Kafin ka zuba kuɗinka a IELTS, duba abin da jami'a take nema a wajen mai son mastas

Duk wanda ya gama bautar ƙasa a nan Kano ya ce zai yi mastas a waje sai ka ji ya fara da maganar IELTS, wato jarrabawar gwajin Turanci, alhali ba nan ake farawa ba. Ana farawa ne da takardar da ke hannunka, wato da wane aji ka fita. A lissafin maki biyar da yawancin jami'o'inmu ke bi, 4.50 zuwa sama shi ne fes kilas, 3.50 zuwa 4.49 shi ne 2:1, 2.40 zuwa 3.49 kuma 2:2. A Ingila manyan jami'o'i galibi 2:1 suke so, amma akwai da yawa da za su karɓi 2:2 musamman in ka ɗan yi aiki a fannin bayan gamawa. Kuma ba jami'a za ka duba ba, shafin kwas ɗin da kake so za ka buɗe, don a jami'a ɗaya sai ka ga wani sashe ya sassauta wani ya ƙi ko kallon 2:2.

In a gida za ka yi, ko BUK ko ABU Zariya, sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne: kiredit biyar na sakandare har da Turanci, digiri aƙalla 2:2, da satifiket ɗin NYSC ko takardar da ta nuna an ɗauke maka. Mai tad kilas ko HND yawanci sai ya bi ta PGD, wato diflomar gaba da digiri, tukunna, kuma ba abin kunya ba ne wallahi, shekara guda ce ka gyara hanyarka. Digirin dakta kuma sai da mastas mai bincike da maki mai kyau.

To abin da ya fi cin mutane shi ne taransikirif, wato takardar makin duk kwasa-kwasan da ka yi a jami'a. Ba ka da iko da ranar da zai fito, daga sashenku zai tashi ya bi ofis-ofis, wani lokacin a ce ba a ga makin wani kwas na aji biyu ba sai an nemo jami'in jarrabawa, kai kuma ga ranar rufe fom tana matsowa. Ka nema tun yanzu ko da ba ka zaɓi makaranta ba. Masu son Amurka ko Kanada su sani wasu jami'o'in za su ce sai WES, wata cibiyar tantance takardun karatu, ta duba takardun, ita kuma WES ba ta karɓa daga hannunka, jami'arku ce za ta aika mata kai tsaye, wannan ma wani jiran ne.

Sannan don Allah ka baza takardunka a kan tabarma ka karanta sunanka ɗaya bayan ɗaya. Mu nan Kano wannan ciwonmu ne, WAEC ta ce Mohammed Sani, digiri ya ce Muhammad Sani Abdullahi, fasfo kuma ya juya sunan uba ya koma gaba, ranar haihuwa ma kowace takarda da tata. Baturen da ke duba fayil ɗin bai san cewa duk kai ne ba. Ka je kotu ka yi takardar rantsuwa tun wuri, abin da za a iya gyarawa kuma a gyara ya yi daidai da fasfo.

Yanzu Turancin. Duk da cewa tun firamare da shi ake koyar da mu, Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da gwamnatin Birtaniya ta ɗauke wa gwajin Turanci, amma a matakin digiri zuwa sama an bar wa jami'o'i su auna ɗalibi da kansu, shi ya sa da yawa a Ingila suke karɓar C6 ko sama da haka a Turancin WAEC a maimakon IELTS. Wasu za su ce kar sakamakon ya tsufa da yawa, wasu su nemi katin duba sakamako su duba da kansu, NECO kuwa ba kowa ke karɓa ba. Akwai kuma masu yarda da wasiƙa daga ofishin rijistara cewa da Turanci aka koyar da kai digirin. Ka tura musu imel ka tambaya a rubuta maka amsa, kar ka dogara da ejan ya ce maka ai suna karɓa, gani ya kori ji.

In dole sai IELTS ɗin, na Academic za ka cike ba General ba. Maki daga 0 zuwa 9 ne, abin da aka fi nema 6.5 gaba ɗaya kuma kar ka gaza 6.0 a kowane ɓangare cikin huɗun, sauraro da karatu da rubutu da magana. Nan ne mutane ke zamewa, ka ci 7.0 a jimla amma rubutu 5.5, shi ke nan ba ka cika ba. Rubutun awa ɗaya ne, bayanin jadawali ko zane kalma 150, sai muƙala kalma 250 wadda ta fi nauyin maki, kuma salon nan namu na doguwar shimfiɗa da manyan kalmomi ba ya burge su, amsa tambayar kawai suke so. A ɓangaren magana za a miƙo maka kati da fensir, a ba ka minti ɗaya ka yi tunani sannan ka yi ta magana har minti biyu kai kaɗai, ka gwada da agogon wayarka a ɗaki za ka ga minti biyu ba wasa ba ne. Karin harshenka na Bahaushe ba laifi ba ne muddin ana gane ka.

Sakamakon shekara biyu yake yi ya mutu, haka na TOEFL wanda shi ma gwajin Turanci ne, don haka kar ka rubuta tun ba ka shirya tafiya ba. Akwai wasu gwaje-gwajen ma, akwai PTE, akwai na Duolingo da ake yi a gida da kwamfuta kuma ya fi araha nesa ba kusa ba, sai dai ka tabbatar makarantar na karɓa, kuma ka samu wajen da wuta da netwok ba za su ci amanarka ba.

Ba sai ka haɗa komai za ka cike fom ba. Yawancin jami'o'in Ingila za su ba ka admishan mai sharaɗi, ka kawo na Turancin daga baya, in kuma rabin maki ya rage wasu za su sa ka kwas ɗin Turanci na makonni kafin a fara karatu, amma da kuɗinsa mai tsoka. Masu harin sikolashif irin Chevening na gwamnatin Birtaniya su lura sai da aikin shekara biyu, sannan sai ka kawo admishan marar sharaɗi kafin ranar da suka yanka.