Yadda Ake Zaɓen Likitan da Zai Yi wa Zomo Fiɗiya

Da zomaye biyu muka fara, waɗanda aka sayo wa 'yata a kasuwa, mai sayarwa yana ta rantse-rantse cewa duka mata ne. Kafin shekara ta zagayo akurki ya yi musu kaɗan. Cikin zomanya kwana 31 ne ko kusa da haka, kuma tana iya ɗaukar wani washegarin haihuwa. Ga mai kiwo don nama ko kasuwa, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Amma inda zomo ya zama ɗan gida, yara sun raɗa masa suna, ba mai iya sa masa wuƙa, nan ne maganar fiɗiya take tasowa. Matsalar ita ce yawancin likitocin dabbobinmu da shanu da tumaki da kaji da karnuka hannunsu ya saba, zomo kuwa jikinsa daban ne. Likita yana iya zama gwani a kan sa, zomo ya mutu a hannunsa ba da mugun nufi ba.

Na farko: ka san aikin da kake nema

Aiki biyu ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Na namiji cire 'ya'yan maraina ne. Sukan sauko yana da mako 10 zuwa 12, akan kuma yi aikin daga wata huɗu zuwa sama. Aikin yana rage faɗa, da watsa fitsari, da hawan duk abin da ya ci karo da shi. Na mace tiyata ce sosai: a buɗe ciki a cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai, yawanci tana da wata biyar ko shida. Bayan hana haihuwa, aikin yana kare ta daga sankarar mahaifa, wadda ta zama ruwan dare ga zomanyar da ta haura shekara uku ko huɗu.

Kada wani ya ce maka ai abu ne mai sauƙi kamar yadda ake mai da bunsuru taure. Dandaƙar gargajiya, da matsewa da ƙarfe, da ɗaure maraina da zoben roba, ba ko ɗaya da ya dace da zomo. Ƙofar da ke tsakanin cikinsa da marainansa a buɗe take har tsufa, shi ya sa idan ya tsorata yake janye 'ya'yan marainan su koma ciki. Wanda bai san da wannan ƙofa ba zai iya barinta yadda take, daga baya hanji ya zurarro.

Na biyu: tattaro sunaye

Fara da asibitocin koyarwa na tsangayoyin likitancin dabbobi: na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Jami'ar Maiduguri. A irin waɗannan wurare akwai sashen tiyata mai zaman kansa, kuma masu bincike suna yawan aiki da zomaye, don haka ba baƙo ba ne a wurinsu. Sai asibitocin kuɗi masu duba karnuka da kyanwowi a Kano, Kaduna, Jos da Abuja. Asibitin dabbobi na gwamnatin jiha ko na ƙaramar hukuma, ko ba za a yi aikin a can ba, sukan san wanda za su tura ka wurinsa. Ka kuma tambayi masu kiwon zomaye da yawa wa suke kira idan cuta ta shigo musu. Sai dai ka tuna su ba su cika yin fiɗiya ba, shaidarsu a kan magani ce, ba a kan wuƙa ba.

Na uku: tabbatar likita ne

A unguwa duk mai shagon maganin kaji Dokta ne. Likitan dabbobi na ainihi yana da digirin likitancin dabbobi na DVM, yana kuma da lambar rajista daga hukumar VCN, wadda doka ta ɗora wa alhakin rajistar likitocin dabbobi a Najeriya. Ka tambayi lambar, ba rashin kunya ba ne, mai ita ba ya jin haushi. Ma'aikatan lafiyar dabbobi masu difloma suna da amfani ƙwarai wajen rigakafi da allura, amma buɗe cikin zomanya ba hurumin su ba ne.

Na huɗu: ka je hira kafin ka sa rana

Wannan shi ne zuciyar al'amarin. Ka ɗauki zomon ka kai shi a duba lafiyarsa kawai, ka biya kuɗin kati, ka zauna ka yi tambayoyi bayan an gaisa.

Tambayar da nake farawa da ita kullum: "Likita, tun yaushe zan hana shi abinci kafin aikin?" Idan ya ce tun daren jiya, ka yi godiya ka ɗauki kwandonka. Ana hana kare da kyanwa da mutum abinci ne don gudun amai a cikin barcin da ake sa su da magani don tiyata. Zomo ba ya amai, halittarsa ce haka. Hanjinsa kuma ba ya son hutu ko kaɗan. Idan ya yi sa'o'i babu abin da ke wucewa sai ya tsaya cak, iska ta cika cikin, kuma tayar da shi wuya gare shi. Wanda ya san zomo cewa zai yi a bar shi ya ci ciyawarsa har kusan lokacin aikin, wani ma ya ce ka taho masa da guzuri. Idan yaron da ke zaune a kan tebur ne ya ce a hana shi abinci, kada ka yanke hukunci tukuna, ƙila abin da ya saba faɗa wa masu karnuka ne. Ka ji daga bakin likitan da kansa.

Sannan: "Zomo nawa ka yi wa wannan aikin a bana, maza nawa, mata nawa? Akwai wanda ya mutu?" Ni na fi yarda da wanda ya ce ya yi goma sha wani abu, ɗaya a cikinsu bai farka ba, kuma ga abin da yake zargi, a kan wanda ya ce shi bai taɓa rasa dabba ba tunda yake. Haɗarin gaskiya ne. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2008 ya nuna cewa a cikin zomaye masu ƙoshin lafiya da aka sa barci, kusan 1 cikin 137 ya mutu cikin awa 48, alhali a karnuka masu lafiya 1 ne cikin 1,849. Kusan kashi biyu cikin uku na zomayen da suka mutu, bayan an gama aikin suka mutu, ba a kan teburin ba. Shi ya sa tambayar da ke biye take da nauyi: wa zai zauna da shi har ya farka, kuma a ina? Idan amsar ita ce za a ajiye shi a keji kusa da kare mai haushi, to ba a yi komai ba, domin tsoro kaɗai yana hana zomo cin abinci.

Ka tambayi abin da za a sa shi barci da shi. Wuraren da suka fi kayan aiki suna haɗa allura da iskar shaƙa irin su isofuloren, da tulun oksijin a gefe. Wurare da dama a nan allura kaɗai suke da ita, galibi ketamin da zailazin. Ana iya gajeren aikin namiji da ita a hannun gwani, muddin an auna nauyin zomon a kan ƙaramin sikeli. Zomon da bai wuce kilo biyu ba, ba a yi masa awo da ido. Ga mace kuwa, ni dai ba zan yarda a buɗe cikinta inda babu oksijin ba. Ka tambaya har da wuta: in an ɗauke ana tsakiyar aiki, akwai janareto ko sola?

Sai maganin kashe zafi. Wasu har yanzu suna ganin dabba ba ta buƙata. Zomo ba ya kuka, sai dai ya takure a lungu yana cizon haƙora, ya ƙi abinci, hanji ya tsaya. Likitan kirki zai yi masa allura a wurin, ya kuma ba ka irin su meloksikam na 'yan kwanaki ka taho da shi.

Tambaya ta ƙarshe tarko ce, na amsa laifina: "Idan wurin ya yi ruwa, zan iya ɗura masa Ampiclox ko Amoxil na yara?" Amsar da kake jira ita ce a'a mai ƙarfi. Dangin fenisilin da ake sha ta baki, da linkomaisin da kilindamaisin da eritromaisin, suna kashe ƙwayoyin da ke narka wa zomo abinci a hanji, su bar miyagun su yi yawa, zawo ya kashe shi cikin kwanaki. Wani maƙwabcina haka ya rasa nasa: ɗan ciwo ne a ƙafa, mai kemis ya ba shi ruwan maganin yara da zuciya ɗaya. Haka ma maganin ƙuma da kaska na Frontline da ake sa wa karnuka, guba ne ga zomo. Likitan da bai san waɗannan ba, bai karanta zomo ba.

Akwai amsa ɗaya da ya kamata ta ƙara masa daraja a idonka: "Gaskiya ban saba yin na mace ba, amma je ka wurin wane." Riƙe lambar wannan likita, zai yi maka rana gaba.

Na biyar: kalli hannunsa

Duk mun tashi muna ganin ana ɗaga zomo ta kunne. Likita bai kamata ya yi haka ba. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafe ƙugu, domin ƙafafun bayansa sun fi ƙarfin ƙashin bayansa. Shuri ɗaya a iska yana iya karya shi. Ka lura ko ya saurari ƙirji, ya leƙa haƙora da hanci, ya shafa ciki. Ta hanci kaɗai zomo yake numfashi, don haka mai majina ko atishawa sai ya warke ake sa shi barci. Ka kuma nemi a nuna maka ɗakin aikin da abin da ake dafa kayan aiki a ciki. Mugunyar zomo kauri gare ta kamar cuku, ba ta tsiyayewa, ƙurjinsa yana da wuyar magani.

Na shida: kuɗi da rana

A faɗa maka jimilla tun farko, har da magani da dawowa dubiya. Na mace ya fi tsada, kuma da dalili. Ka zaɓi safiyar farkon mako, don idan wani abu ya taso a sami likita a wurin aiki. In da hali ka kauce wa tsakiyar bazara, watannin Maris zuwa Mayu: zomo yana fara galabaita da zarar zafi ya haura digiri 30, ga tafiya a cikin Keke Napep da rana tsaka. A lokacin hunturu kuma sanyi ne abin tsoro, domin ƙaramin jiki da ke cikin barci yana saurin hucewa. Ka tambayi da me za su ɗumama shi. Karɓi lambar wayar da za a ɗauka da dare.

Na bakwai: bayan an dawo gida

A nan za ka san ko zaɓinka ya yi. Ɗinkin ya fi kyau a ɓoye shi ƙarƙashin fata, don zomo yana tsinke duk zaren da haƙorinsa ya kai. Ka sa shi a ɗaki mai tsabta, a kan tsohon zane ko tawul, ba ƙasa ko dusar katako ba, nesa da ƙudaje, musamman da damina. Ajiye masa ruwa a kwano, da harawa, da ganyen da ya fi so, ko na dankalin Hausa ne ko na karas. Abu biyu za ka sa wa ido: baki da kashi. Namiji yakan fara ci a daren. Mace takan ɗan ja aji. Idan awa 12 ta wuce bai ci ba kuma ba ka ga kashi ko ƙwaya ɗaya ba, kira likita a lokacin, ko ƙarfe nawa ne. Zai iya cewa ka dama abincinsa ka ɗura masa kaɗan-kaɗan da sirinji ta gefen baki. Duba wurin ɗinkin safe da yamma: kumburi mai ƙaruwa, jini, wari, ko wurin ya buɗe. Ka ja wa yara kunne kada su ɗauke shi har kwana goma.

Idan ka zagaya ba ka sami wanda hankalinka ya kwanta da shi ba, ba dole. Ka raba musu akurki, namiji daban mace daban, har ka sami hanyar zuwa Zariya ko Sakkwato. In kuma hannun da ka samu na namiji kaɗai ya iya, a yi wa namijin, haihuwa ta tsaya. Sai dai kada ka mai da shi wurin zomanyar da wuri: yana iya yi mata ciki har mako shida bayan aikin. Mu a mako na uku yara suka buɗe ƙofar da ke tsakaninsu don tausayi, wata ɗaya bayan nan muka wayi gari da 'ya'ya bakwai.