Yadda za ka fara zana tsuntsaye da gine-ginen da kake wucewa kullum

Ba sai ka iya zane ba kafin ka fara, wannan shi ne abin da ke hana mutane da yawa. Littafi ƙarami wanda zai shiga aljihu, fensir ɗaya, shi ke nan. Abin goge fensir ma ka bar shi a gida, don in yana hannunka za ka ƙare lokacinka kana gogewa tsuntsun ya tashi ya bar ka.

Ka zaɓi wuri guda ka riƙa komawa can, gindin bishiya ne ko bakin taga ko gefen wata katanga, kuma da sassafe ya fi domin lokacin ne tsuntsaye suka fi kai-komo da kuka. Minti 15 ya isa. Ka zauna shiru, wayar nan a aljihu don Allah, in ka ɗauki hoto idonka zai yi lalaci ya ce ai an riga an ajiye.

Da tsuntsu ya sauka kar ka fara da baki ko ido, nan kowa ke ɓata aiki. Ka fara da jikin, kamar ƙwai ne a karkace, sai ɗan da'ira na kai, sai layi ɗaya daga ƙeya har jela. Daƙiƙa 30 kawai kake da ita wani lokacin ma ba ta kai ba, in ya juya ka bar wancan a rabi ka fara wani a gefensa, shafi cike da rabin kurciya ya fi kurciya ɗaya da ka ƙarasa da ka. Sannan ga abin da ya daɗe yana ruɗa ni, ƙafar. Wannan gaɓar da kake gani ta lanƙwashe baya kamar gwiwa, idon sawu ne, gwiwar gaskiya tana can sama ɓoye cikin gashi, tsuntsu a kan yatsunsa yake tafiya. Ranar da na gane haka zanena ya daina kama da kaza mai ciwon ƙafa.

A ƙasan kowane zane ka rubuta kwanan wata da ƙarfe nawa, da yanayin gari, ko da hadari ko iska. Bayan wata uku za ka ga da kanka wane tsuntsu ne ya ɓace wane ne ya dawo. Akwai wata irin tsattsewa mai sheƙa a ramukan gine-gine a Turai tana tahowa Afirka idan sanyi ya kama can, masu bincike a Jami'ar Lund ta Suwidin sun nuna a 2016 cewa tana iya yin wata 10 a sama ba ta sauka ba. Ita kam kar ka jira ta zauna maka, siffar lauje kawai za ka ja a takarda.

Ranar da tsuntsaye suka ƙi zuwa sai ka juya ga ginin da ke gabanka, shi ba ya tashi. Ka bar ƙirga bulo, inuwa za ka zana, ina ta faɗi da safe, tagogin suna kallon ina, ta ina iska ke shiga ta ina take fita. In akwai suri kusa ka zana shi ma a shafi ɗaya da ginin, ba wasa nake ba, Mick Pearce da ya tsara ginin Eastgate a Harare ta ƙasar Zimbabwe, wanda aka buɗe a 1996, daga gidan gara ya ɗauko dabarar, fanka ke jawo iskar dare mai sanyi ta ratsa kankare, da rana iskar da ta yi zafi ta fice ta bututun sama.

Sheƙa kuwa daga nesa ake zana ta. Kar ka taɓa, kar ka ja reshe don ka leƙa, in uwar ta fara kuka tana zagayawa a kanka to ka matso da yawa, ja baya ka ƙarasa zanen daga can.