Yadda Ake Gane Sharhin Bogi Kafin a Sayi Kaya a Intanet

Taurari biyar da ke ƙarƙashin hoton kaya a Jumia, Amazon ko AliExpress ba su isa hujja ba, domin ana sayen su kamar yadda ake sayen kayan. A shekarar 2022 kamfanin Amazon ya maka masu kula da zaurukan Facebook sama da 10,000 a kotu saboda dillancin sharhin ƙarya, kuma a 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka ta haramta saye da sayar da irin wannan yabo. Sana'a ce mai zaman kanta.

Kada ka fara da masu yabo. Danna kan taurari uku da biyu, nan ne masu sayen gaskiya ke taruwa. Su ne za su ce maka cajar na ɗaukar zafi bayan minti ashirin, ko zif ɗin jakar ya lalace a mako na biyu. Idan mutum huɗu ko biyar da ba su san juna ba suka yi ƙorafi iri ɗaya, matsalar tana nan. Idan kuwa ka ga tarin taurari biyar da tarin tauraro ɗaya, tsakiya babu kowa, mai yiwuwa an zuba yabo ne don a binne ƙorafi.

Sai ka jera sharhin daga sabo zuwa tsoho ka duba ranaku. Kayan da ake saye a hankali, sharhinsu ma a hankali yake zuwa. Sharhi arba'in cikin kwana biyu, sannan shiru na wata uku, aikin 'yan amshin shata ne da aka biya a lokaci guda. Ka gangara har ƙasa. Wani lokaci kana duba fawa bank sai ka tarar tsofaffin sharhin suna yabon safa ko murfin waya: mai kayan ya ɗauki tsohon shafi mai farin jini ya sauya hoto da suna, taurarin suka zauna.

Lissafi ne ya fi kama maƙaryaci. Fawa bank mai 20,000mAh ba ya ba waya duk abin da aka rubuta a jikinsa, wani kaso na salwanta wajen ɗaga wutar daga bolt 3.7 zuwa 5, wani ya tafi a zafi. Abin da ke isa wayar bai fi 12,000 zuwa 13,000 ba, wato waya mai batirin 5,000mAh za ta cika sau biyu da ɗoriya. Wanda ya rubuta cewa ya caja wayarsa sau takwas, ko bai taɓa riƙe kayan ba ko an biya shi. Fawa bank na gaske mai wannan girman kuma yana da nauyi, kusan giram 350 zuwa 450. Haka memori mai arhar banza da aka rubuta wa 1TB: waya za ta nuna wannan girman, mai saye ya yi murna ya ba da taurari biyar a ranar, sai bayan ya cika ainihin ɗan wurin da ke ciki hotunansa su fara lalacewa. Shi bai yi ƙarya ba, gaggawa ya yi. Nemi sharhin wanda ya gwada da H2testw, manhajar kwamfuta da ke auna ainihin girman memori.

Alamar “Verified Purchase”, wadda ke nuna cewa mai sharhin ya sayi kayan a shafin, na taimakawa, amma ana zagaye ta. Mai kaya na iya yin odar kayansa da wani asusu, ko ya mayar wa mai saye kuɗinsa bayan ya rubuta yabo.

Masu talla a Instagram da WhatsApp kuwa, hoton hira da “kwastoma” yana cewa “Hajiya kaya sun iso, sun yi kyau” ba ya cin minti biyu a haɗa shi da waya biyu. Saka hoton kayan a Google Lens, manhajar bincike da hoto, ka ga ko daga wani shafi aka kwaso shi. Nemi a ɗauko maka bidiyon kayan da takarda mai sunanka da kwanan watan ranar a gefe. Idan an ƙi, kuma an ƙi yarda ka biya bayan kaya sun iso hannunka, kada ka tura kuɗi.