Farantin sola a rufin mota mai ɗaki: abin da za ka yi da shi ranar gyara

Farantin sola ba shi da makunni. Muddin haske na taɓa shi yana ba da wuta, ko da hadari ya rufe gari, ko da ka zare makullin mota ka sa a aljihu. Aikina gyaran wutar mota ne a wani gareji a arewacin Ingila. Daga watan Maris, idan sanyi ya fara sauƙi, masu motocin nan da ke da gado da kicin a ciki sukan fito da su daga inda suka ajiye, su kawo mana a duba kafin tafiye-tafiyen bazara. Yawancinsu na ɗauke da faranti guda a rufi, wat 80 zuwa 150, kuma da yawa daga masu motar sun manta ma yana can, tunda daga ƙasa ba a hango shi.

Ka fara sanin abin da kake hulɗa da shi. Faranti mai wat 100 ana kiransa na 12V, wato bolt 12, amma idan ka ɗora masa mitar awon wuta a rana ba a haɗe da komai ba, za ka ga 21V ko 22V. In yana aiki sosai yakan tura wajen 5A. Wannan ba wutar da za ta kayar da kai ba ce, kana iya riƙe wayar da hannu. Abin da take yi wa illa kayan motar ne. Daga rufi wayoyi biyu ke saukowa zuwa kwantirola, wani ɗan akwati da galibi ake ɓoyewa cikin kabad ko ƙarƙashin kujera, shi ke rage wutar ya shayar da batirin ɗaki, wanda ke riƙe da fitilu da famfon ruwa da sauransu. Batirin tada inji daban yake.

In gyaran naka juyen mai ne ko birki ko taya, bar farantin ya yi harkarsa. Maganar tana tasowa ne idan za ka taɓa batir, ko za a yi walda, ko za ka hau rufi.

Da farko zare wayar wutar gida ta 230V in an jona motar, ka kashe inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida. Sannan ka ɗauki tsani ka rufe farantin. Ni kwali nake sawa, in manne gefunansa da salatif don kada iska ta kwashe shi ina tsakiyar aiki. Tsohon bargo mai kauri ma ya yi. Farin zanen gado kuwa bai yi ba, haske na ratsa shi, kuma ɗan haske kaɗan ya isa mita ta nuna maka kusan cikakken lamba. Bayan rufewa ka sauko wurin kwantirola. Wasu motoci suna da fis ko makunni a wayar da ta fito daga rufi, sai ka cire. In babu, ɗauki hoton wayoyin da wayarka, ka kwance jar wayar farantin, ka naɗe bakinta da salatif. Sai yanzu ne za ka je ga batir: baƙar waya ta fara fita, ja ta biyo baya.

Abin da ya sa nake dagewa kan wannan jeri shi ne kwantirola daga batir yake cin wutar da yake aiki da ita, kuma batirin ne ke riƙe wutar motar a tsaye. Da yawa daga cikinsu ma a lokacin da aka jona batir suke gane ko motar 12V ce ko 24V. Ka cire batir ka bar faranti a rana, ka bar kwantirola da wuta tana shigowa ba inda zai zuba ta. Masu tsada sukan kare kansu. Masu araha, irin da ake kira PWM, waɗanda ake sayowa a intanet, suna iya sakin wutar farantin yadda take cikin layin 12V, ta je ta sami fitilun LED da allon lantarkin firij da na hita. An taɓa kawo mana wata mota da mai ita ya canza batirin ɗaki da kansa da tsakar rana, aikin da bai kai rabin awa ba. Sabon batirin lafiyarsa ƙalau, allon firij ɗin ne ya ƙone, kuma kuɗinsa ya fi na batirin.

Akwai tarko na biyu da ko makanikai kan faɗa. Wasu kwantirola baki biyu gare su, suna ɗan ɗiga wa batirin inji wuta don kada ya mutu a ajiye. Ma'ana, ko ka cire batirin inji, jan kan wayar da ka bari yana reto yana nan da rai. A Fiat Ducato, wadda a kanta ake ƙera mafi yawan waɗannan motoci a Turai, batirin inji a ƙarƙashin daben gaba yake, cikin rami, ƙarfe ta kowane gefe. Kan wayar ya taɓa jikin mota, sai tartsatsi. Batirin acid da ya gama shan caji yana fitar da iskar haidirojin, ita kuwa ba ta shiri da tartsatsi. Saboda haka ko na rufe faranti, ina cusa jan kan wayar cikin tsohuwar safar hannu ta roba, kuma ba na yarda da shi sai mita ta nuna sifili.

Batirin lithiyam yana da tasa matsalar. A cikinsa akwai na'urar da ke datse shi da kanta idan ya cika ƙwarai ko ya yi ƙasa ƙwarai, a wasu har idan sanyi ya kai digiri 0, don ba a cajinsa a irin wannan sanyi. In ta datse, a wurin kwantirola daidai yake da an cire batir. Kuma idan ka canza daga acid zuwa lithiyam, ka canza saitin kwantirolan kafin ka buɗe faranti. Walda kuwa ba ta da doguwar magana: a cire komai, faranti da kwantirola da batura biyu.

Yanzu rufi. Ba kowane rufi ke ɗaukar mutum ba, sai ka shimfiɗa katako mai faɗi ka durƙusa a kai, ko ka yi aikin daga tsani. Farantin kansa kada ka taka shi, kada ka dafa shi da gwiwa, kada ka ɗora masa akwatin sifana. Gilashin zai iya zama lafiya a ido alhali ƙwayoyin da ke ƙarƙashinsa, masu samar da wutar, sun yi tsagewar da ba ta ganuwa, sai bayan watanni ka ga caji ya ragu ka rasa dalili.

Wanki da sassafe ake yi ko da yamma, lokacin da gilashi ya huce. Ruwa da tsumma mai laushi da ɗigon sabulun wanke kwanuka sun wadatar. Injin feshin ruwa mai ƙarfi yana tura ruwa ta gefen firam da cikin akwatin waya na bayan farantin, ka nisanta shi. Kashin tsuntsu ka jiƙa shi ya yi laushi, kada ka kankare da wuƙa, amma kada ka bar shi. Ƙwayoyin faranti 36 ne a jere kamar 'yan guga a layin miƙa ruwa, ɗaya ya tsaya duk layin ya ji. Ka kuma zura hannu ƙarƙashi ka kwashe ganyen da ya taru. Tazarar da aka bari tsakanin faranti da rufi don iska ce, domin da zarar zafinsa ya haura digiri 25 ƙarfinsa na raguwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri.

In za ka sabunta gam ɗin rufi kuma farantin ya tare maka hanya, kwance sukurorin da suka haɗa shi da ƙafafunsa, ka ɗaga shi, ka bar ƙafafun a inda suke. A nan galibi da gam ɗin Sikaflex ake manne su, kuma wanda ya ce zai ɓanɓare su da ƙarfi zai taho da fatar rufin. In dole sai sun fita, da siririyar waya ake yanka gam ɗin, yadda ake cire gilashin gaba. Faranti mai lanƙwasuwa da aka manne shi shafe da rufi kuwa, in yana aiki ƙyale shi, da wuya ya fita da rai. Mahaɗin wayar faranti da ke rufin, wanda ake kira MC4, yana da 'yan haƙora biyu da ake matsewa kafin a ja, kuma ba a raba shi wuta na gudana.

Inda na fi samun yoyo ba ƙarƙashin faranti ba ne, wurin da waya ta huda rufi ta shiga ne. Danna gam ɗin wurin da yatsa. In ya bushe ya tsattsage, kankare shi duka, ka goge, ka bari ya bushe, ka sa sabo. Kada ka sa silikon na banɗaki, domin duk abin da aka shafa a kansa nan gaba ba zai kama ba, makanikin da zai zo bayanka ma zai yi maka Allah ya isa. Motocin Amurka masu rufin roba nasu gam daban ne, irin na Dicor, kuma ba a goge robar da fetur ko kananzir.

Kafin ka mayar da komai, gwada farantin tunda wayarsa na kwance. Ɗage kwalin, ka ɗora mita: 18V zuwa 22V a rana alamar lafiya ce. In sifili ka gani, bi wayar zuwa rufi, yawanci mahaɗi ne ya ci tsatsa. Mayar da kwalin. Jona batir, ja sannan baƙa, ka jira kwantirola ya farka ya nuna 12V. Daga nan ka ɗaure wayar faranti da kyau, ka ɗan ja ta ka ji ta kama, sannan ka hau ka cire kwalin. Batirin acid da ya cika yana hutawa a 12.6V ko 12.7V. Da rana ta taɓa farantin lambar za ta fara hawa, tana iya kaiwa 14.4V kafin ta dawo ta zauna wajen 13.6V. In ta tsaya cak a inda take bayan mintuna, koma ka duba fis ɗin da ka cire da safe, yawanci yana nan cikin aljihunka.