Ku riƙa shayar da irin da kuke raino ta ƙasa

Idan kuna rainon irin tumatir, tattasai ko kabeji a cikin ɗaki kafin dashe, ku daina kwarara masa ruwa ta sama.

Ku huda gindin kowane kofin da kuke rainon irin a ciki, ku jera su a faranti mai ɗan zurfi, sannan ku zuba ruwa kamar santimita 2 a farantin. Bayan minti 20 zuwa 30 ku taɓa saman ƙasar; idan ta yi danshi, ku zubar da ragowar ruwan.

Ƙasar ce ke jan ruwan da kanta, don haka ƙwayoyin iri ba sa gushewa daga inda aka binne su, kuma wuyan tsiron ba ya zama a jiƙe. Yawan jiƙewar nan ne ke jawo cutar da ke sa tsiro ya sirance daidai bakin ƙasa ya kwanta, wanda ya kwanta kuwa ba ya tashi.

Dabarar ba ta saurin ci idan ƙasar ta bushe ƙayau har ta janye daga jikin kofin. Ana iya fara yayyafa mata ruwa ta sama. Kada kuma kofunan su kwana cikin ruwa, domin saiwa ruɓewa za ta yi.