Lissafin Hardy-Weinberg: ku gwada shi da sikila

'Yan uwa ɗalibai masu nazarin halittu, in wannan lissafi yana ba ku wahala, ku riƙa farawa da q², kada ku fara da p. Lissafi ne da ke nuna yadda nau'i biyu na ƙwayar gado (gene) ke rarrabuwa cikin jama'a: p yawan nau'i ɗaya ne, q yawan ɗayan, kuma p + q = 1.

Ku ɗauki sikila, tunda mun san ta a gidajenmu. A ce jarirai 2 cikin 100 ake haifa da SS. A nan q yawan S ne (nau'in da ke kawo sikila), p yawan A (lafiyayyen nau'in), q² kuma yawan masu SS. To q² ya zama 0.02, q kusan 0.14, p kuma 0.86. Sai ku lissafa 2pq, za ku samu kusan 0.24, wato mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Kusan haka abin yake a Najeriya.

Malamai na son tambayar dalilin da ya hana S ɓacewa alhali yana halaka yara. Amsar ita ce zazzaɓin cizon sauro. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa masu AS sun fi masu AA tsira daga gare shi, shi ya sa S ke ɗorewa inda sauro ya yi yawa.

Don Allah ku yi lissafin da adadin jarirai. Cikin manya, mutuwa ta riga ta rage masu SS, sai q ya fito ƙasa da yadda yake.