Kafin ka sayi kwabon tagulla na Daular Rum

'Yan uwa masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi, in kun fara, ku fara da ƙananan kwabban zamanin Sarki Kwanstantin, wanda ya yi mulki daga shekara ta 306 zuwa 337 Miladiyya. Suna da yawa a kasuwa, ba su da tsada.

Juya kwabon, ka duba can ƙasa, ƙarƙashin layin da hoton ke tsaye a kai. Haruffan wurin su ke faɗa maka garin da aka buga shi: ALE na Iskandariyya ne, ANT Antakiya, CONS kuma Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau. In ka ga sojoji biyu, kowanne riƙe da mashi, da rubutun GLORIA EXERCITVS, daga 330 aka fara buga irinsa. Manyan kwabbai masu haruffan SC a baya kuwa sun girme waɗannan nesa.

Don Allah kada ka goge koren da ya lulluɓe shi da lemun tsami ko toka, darajarsa kake kankarewa. Amma kore mai haske da ke zuba kamar gari, wannan cuta ce mai cin tagulla, ware shi a busasshen wuri.

Don gane na jabu, duba gefensa. Layin haɗi ko ƙananan ramuka na nuna narka ƙarfe aka yi aka zuba, ba bugawa ba kamar yadda aka yi na gaske.